Yadda ake ɗibar jini, adana shi da kula da ƙananan na'urorin gwaji lami lafiya

Jinin da aka ɗiba don gwaji yana iya ɓarna ta hanya biyu. Yana iya sa wa mai ɗibarsa, ko mara lafiyan da zai biyo baya, cutar da bai zo da ita ba. Yana kuma iya yi wa likita ƙarya. Ta farkon kowa ya san ta, kowa na tsoronta. Ta biyun a ɓoye take aiki: an bar kwalba cikin zafi, ko an matse yatsa da ƙarfi, ko an musanya suna, sai lamba ta fito a takarda tsaf, likita ya ɗora magani a kanta, alhali jikin mara lafiya bai san da wannan lambar ba. Kowane mataki da zan kawo, ɗaya daga cikin ƙofofin nan biyu yake tarewa, wani ma duka biyun.

Ka san abin da kake tsoro

Cututtuka uku ne kan gaba wajen bin jini: ciwon hanta nau'in B, ciwon hanta nau'in C, da ƙwayar HIV. Mutane sun fi firgita da HIV, amma lissafin ba haka ya nuna ba. Idan allurar da ta shiga jikin mai HIV ta soke ka, yiwuwar kamuwa wajen 3 ne cikin 1,000. Na hanta C wajen 2 cikin 100. Na hanta B kuwa, ga wanda bai yi rigakafi ba, yana iya kaiwa 30 cikin 100 idan ƙwayar ta yi yawa a jikin mai jinin. Ƙwayar hanta B tana kuma rayuwa aƙalla kwana 7 a cikin busasshen jini, a kan tebur ko a jikin na'ura, ko da ido bai ga tabo ba.

Don haka matakin farko tun kafin a shiga ɗakin gwaji ake yin sa. Duk mai aiki da jini ya karɓi rigakafin hanta B: allura uku, ta biyu bayan wata 1, ta uku bayan wata 6 da ta farko. Wata 1 zuwa 2 bayan ta ƙarshe a auna garkuwar da jiki ya samar, gwajin da ake kira anti-HBs; idan ta kai 10 a ma'aunin mIU/mL, rigakafin ya kama. Hanta C da HIV ba su da allurar rigakafi, sai kiyayewa.

Tun 1987 CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta ba da shawarar da yanzu ta zama ƙa'ida a ko'ina: a ɗauki jinin kowa tamkar yana ɗauke da cuta. Ba a kallon fuska, ba a kallon sutura. Mutum zai iya shekaru da hanta B a jikinsa shi kansa bai sani ba.

Kafin ka taɓa mara lafiya

Jera kayanka a faranti mai tsabta: safar hannu, robar ɗaure hannu, auduga, sifirit mai ƙarfin kashi 70, allura da sirinji ko mariƙin kwalba, kwalaben da gwajin ke buƙata, filasta, da alƙalamin da ba ya gogewa. Akwatin zubar da allura ya zauna inda hannunka zai kai ba tare da ka tashi ba. Wanda ya miƙe da tsirarar allura yana neman akwati a ɗaya kusurwar ɗaki ya riga ya sa kansa cikin haɗari, shi da duk wanda zai ci karo da shi.

Dubi ranar lalacewar kwalabe. Kwalbar da ke zuƙo jini da kanta, idan ta tsufa, ƙarfin zuƙonta raguwa yake yi, sai ta tsaya a rabi.

Wanke hannu da ruwa da sabulu na sakan 40 zuwa 60, ko ka shafa sanitaiza na sakan 20 zuwa 30 idan babu datti a bayyane. Sannan safa, sabuwa ga kowane mutum. Ba a wanke ta, ba a shafa mata sanitaiza a ci gaba da aiki. Tana kare fata daga jini, amma allura huda ta take yi kamar babu ita. Wanda kuma ya sa safa ya ɗauki waya da ita, ya murɗa ƙofa, ya gyara tabarau, hannunsa kaɗai ya kare, jinin kuwa ya raba wa kowa.

Wajen tabbatar da mai jini, kada ka ce, "Kai ne wane?" Mai zazzaɓi, ko wanda ba ya ji sosai, ko wanda jira ya gajiyar, "eh" zai ce maka. Ka ce, "Baba, faɗa mini cikakken sunanka," ka haɗa da ranar haihuwa ko lambar kati, ka gwada da takardar likita. Shaida biyu ake so, lambar gado kuwa ba shaida ba ce, domin gado ana sauya shi. Ka tambaye shi ko ya ci wani abu idan gwajin na azumi ne, ko yana shan maganin tsinka jini, ko ya taɓa suma wajen ɗibar jini. Mai suma a kwantar da shi tun farko.

Ɗiba daga jijiya

Wurin da ya fi sauƙi shi ne lanƙwasar gwiwar hannu, jijiyar tsakiya. Ka guji hannun da ake ƙarin ruwa ta cikinsa, domin ruwan zai tsarma jinin ya kuma ƙara masa sukari ko gishirin da ke cikin ledar. Ka guji hannun da aka yi wa hanyar wankin ƙoda, da ɓangaren da aka cire nono, da wurin da ya kumbura ko ya yi tabo.

Ɗaura roba kamar faɗin yatsu 4 zuwa 5 sama da wurin da za ka huda. Kada ta wuce minti 1. Idan neman jijiya ya ja lokaci, kwance, ka bar hannun ya huta, ka sake. Mara lafiya ya dunƙule hannu sau ɗaya ya riƙe. Dunƙulewa da buɗewa a kai a kai yana ɗaga sinadarin fotasiyam a jinin da za ka ɗiba.

Goge wurin da sifirit kamar sakan 30, ka bar shi ya bushe da kansa. Ba hurawa da baki, ba fifita da hannu, ba sake taɓawa da yatsa. Sifirit ɗin da bai bushe ba yana sa zafi, yana kuma fasa jajayen ƙwayoyin jini. Shigar da allura bakinta na kallon sama, a kwance-kwance, karkatarta kada ta wuce digiri 30. Da jini ya isa, kwance roba tukuna, sannan ka zare allura, ka danna auduga. Hannu ya zauna a miƙe. Naɗe gwiwa a kan auduga, duk da yadda aka saba da shi, shi ke sa jini ya taru ƙarƙashin fata. Allura ta tafi akwati kai tsaye daga hannun mara lafiya.

Kada ka mayar wa allura murfi. Sabo turken wawa, kuma wannan sabon ya soki ma'aikata da yawa: hannu ɗaya riƙe da murfi, ɗaya da allura, a kuskure ramin da ɗan kaɗan. Idan dole ta kama, ajiye murfin a tebur, ka ɗauko shi da tsinin allurar da hannu ɗaya. Idan ka gwada sau biyu ba ka samu jijiya ba, kira abokin aiki. Babu abin kunya a nan.

Mai amfani da sirinji ya sa kwalba a mazauninta, kada ya riƙe ta a hannu lokacin da yake huda murfin. Kada kuma ya danna sirinjin da ƙarfi. Kwalbar za ta ja abin da take buƙata. Tura jini da ƙarfi ta siririyar allura fasa ƙwayoyinsa yake yi.

Idan kwalabe da yawa za ka cika, akwai jeri. Ta shuka jini don neman ƙwayoyin cuta ita ce farko, sai mai shuɗin murfi ta gwajin daskarewar jini, sai ja ko ruwan gwal, sai koriya mai hefarin, sai shunayya mai EDTA (duka biyun sinadaran hana jini daskarewa ne), sai mai ruwan toka ta sukari a ƙarshe. Launi yana iya bambanta tsakanin kamfanoni, saboda haka ka karanta rubutun jikin kwalba. Dalilin jerin a bayyane yake idan ka ɗauki kwalbar EDTA: tana ɗauke da fotasiyam, tana kuma kama kalsiyam. Ɗan digonta ya shiga kwalbar gwajin sinadarai, sakamako zai nuna fotasiyam ya yi sama ƙwarai, kalsiyam ya faɗi ƙasa, likita ya tashi hankalinsa a kan lafiyayyen mutum. Haka yake faruwa idan wani ya ga kwalba ba ta cika ba ya tsiyayo daga wata ya ƙara. Ba a yi.

Cika kowace zuwa layinta, musamman shuɗiyar, wadda aka auna ta a kan kaso 9 na jini da kaso 1 na sinadari. Sannan ka kifa ta ka mayar a hankali: shuɗiya sau 3 zuwa 4, koriya da shunayya sau 8 zuwa 10. Kifawa, ba girgizawa ba.

Rubuta suna, lamba, rana, lokaci da sa hannunka a jikin kwalba, a gaban mara lafiya, kafin ya tashi. Kada ka rubuta tun kafin ɗiba, kada ka tara kwalabe ka ce sai ka koma tebur. A jikin kwalba, ba a murfi ba. Kwalbar da ta iso ɗakin gwaji ba suna, zubar da ita ake yi a sake ɗiba, ko mai kawo ta ya rantse ya san mai ita. A gwajin rukunin jini don ƙarin jini, irin wannan musanya kisa take yi.

Huda yatsa da dunduniya

Yatsan tsakiya ko na zobe, a gefen tsokar, ba a tsakiya ba. Hannun da ya yi sanyi a ɗumama shi tukuna. Don gwajin sukari, wanke hannu da ruwa da sabulu a busar ya fi komai, domin ragowar abu mai zaƙi a yatsa yana ɗaga sakamako sosai. Huda da 'yar allura mai amfani ɗaya, wadda ke komawa cikin gidanta da kanta. Share ɗigon farko da busasshiyar auduga, sai dai idan takardar na'urar ta ce ba sai an share ba. Danna a hankali daga nesa da ramin. Tatsar yatsa kamar ana tatsar nono tana fito da ruwan tsoka ya gauraya da jini, sakamako ya tsarmu. Idan jini ya ƙi fita, sake huda wani yatsa da sabuwar allura.

Jariri ɗan ƙasa da wata 6 a dunduniya ake huda shi, a gefe na ciki ko na waje, ba a tsakiyar bayanta ba inda ƙashi ke kusa. Zurfin kada ya wuce milimita 2.

Na'urar da ake ɗauka a hannu

A ganina nan sakaci ya fi yawa. Allura ana girmama ta. Na'urar auna sukari kuwa kamar wayar hannu ake ɗaukar ta: daga aljihu zuwa gado, daga gado zuwa na gaba, a ajiye ta kan zanen gado, a mayar aljihu. Ga shi kuwa kullum bakinta a kusa da jini yake, safar da ta matsa yatsa ita ce ke danna maɓallanta. A 2010 CDC da FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, sun fitar da gargaɗi bayan an yi ta samun ɓarkewar hanta B a gidajen kula da tsofaffi, aka bi sawu aka tarar da alƙalamin huda yatsa da ake rabawa tsakanin mutane da na'urorin da ba a gogewa.

Alƙalamin huda yatsa, wanda ake sauya masa allura, na mutum ɗaya ne. Ko an sauya allurar, jini yana maƙalewa a cikin bakinsa. Wannan ya shafi gida kamar yadda ya shafi asibiti: miji da mata masu ciwon sukari, kowa da nasa.

Ita na'urar, idan da hali kowane mara lafiya a ware masa tasa. Idan dole a raba, a goge ta bayan kowane mutum, kuma gugar hawa biyu ce. Na farko a share datti da jinin da ake gani. Na biyu a shafa maganin kashe ƙwayoyin cuta, a bar jikinta da danshinsa tsawon mintunan da aka rubuta a jikin maganin. Shafawa a busar nan take aikin banza ne. Maganin lokaci yake buƙata. Wane magani? Wanda kamfanin na'urar ya ambata a takardarsa. Sifirit shi kaɗai ba abin dogaro ba ne a kan hanta B a jikin na'ura, bilic kuma yana cinye robar wasu na'urorin da gilashinsu. Kada ruwa ya shiga ramin da ake sa tsinken gwaji, wato ɗan abin da ake ɗiga wa jini, kada a fesa mata komai kai tsaye, kada a tsoma ta. Na'urar da kamfaninta bai faɗi yadda za a kashe ƙwayoyin cuta a jikinta ba, ba a yi ta don rabawa ba. Bayan gogewa, cire safa, wanke hannu, sannan ka ɗauke ta zuwa mazauninta mai tsabta, wanda ba aljihu ba.

Yanzu ɓangaren ƙarya. Tsinken gwaji yana da sinadari mai saurin lalacewa da danshi da zafi. Zaro ɗaya, rufe kwalba nan take. Rubuta ranar buɗewa a jiki, domin wasu tsinkayen wa'adinsu raguwa yake yi da zarar an buɗe. Kada ka juye ragowar tsohuwar kwalba a sabuwa. Kada ka bar na'ura ko tsinke cikin mota a rana ko a bakin taga. Idan na'urar mai neman lambar tsinke ce, ka tabbata lambar fuskarta ta yi daidai da ta kwalba.

Akwai ruwan tantancewa da ke zuwa da na'ura, mai sukarin da aka riga aka san adadinsa, galibi ɗaya ƙasa ɗaya sama. Ka ɗiga shi maimakon jini; idan lambar ta faɗa cikin iyakar da aka buga a kwalbar tsinke, na'ura da tsinke lafiyarsu ƙalau. A asibiti ana yin wannan kowace rana da za a yi aiki da ita, da kuma lokacin buɗe sabuwar kwalba, da bayan na'ura ta faɗi, da duk lokacin da sakamako ya saɓa wa yanayin mara lafiya. Rubuta a littafi. Shi ma ruwan yana da wa'adi bayan buɗewa, sau da yawa wata 3. Idan tantancewa ta faɗi sau biyu da sabon tsinke, ajiye na'urar gefe ka manna mata takarda. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ko lafiyayyar na'ura tana da iyaka. Ƙa'idar ISO 15197 ta 2013 ta yarda da saɓanin kashi 15 cikin 100 ga sukarin da ya kai 100 mg/dL zuwa sama, wato jinin da ainihinsa 200 ne zai iya fitowa 170 ko 230 kuma ba a ce na'urar ta lalace ba. Mai ƙarancin jini sosai, na'urori da yawa suna nuna masa sukari sama da gaskiya. Mai kaurin jini, kamar sabon jariri, ƙasa da gaskiya. Wanda ƙarfin bugun jininsa ya faɗi ƙwarai, yatsunsa suka yi sanyi, jinin yatsarsa ba abin dogaro ba ne, a ɗiba daga jijiya. Ka kuma lura da ma'aunin da na'ura ke nunawa: ana raba mg/dL da 18 a sami mmol/L, don haka 126 da 7 abu ɗaya ne. Mutumin da ke gumi yana rawar jiki yana ruɗewa, na'ura kuma ta ce sukarinsa daidai, mutumin za ka gaskata, ka sake gwaji, ka kira likita.

Na'urar auna yawan jini irin ta HemoCue nata sharaɗin a ɗan gilashin da ke zuƙar jini yake. A cika shi a zuƙa ɗaya, ba a ƙara masa daga baya, a share bayansa ba tare da taɓa bakin ba, a duba kumfar iska. Mai kumfa a yar da shi.

Gwajin gaggawa na maleriya, HIV da hanta

Kwalin yawanci yana son digiri 2 zuwa 30, wasu har 40; abin da aka buga a jiki shi ne hukunci. Buɗe leda sai lokacin gwaji, ka rubuta sunan mara lafiya a jikin katin kafin jini ya taɓa shi. Ido ba mudu ba ya san kima, in ji masu magana, amma ban da nan: yi amfani da ɗan ma'aunin da ya zo cikin kwalin. Na maleriya galibi maikurolita 5 yake so. Jini ya yi yawa, takardar ta rine ja ta ɓoye layi. Ya yi kaɗan, gwaji ya rasa abin kamawa.

Ruwan ɗigawa na wannan kwalin kaɗai za ka sa, adadin ɗigon da aka ce. Ba ruwan famfo, ba ruwan gishiri, ba na wani kamfani don naka ya ƙare. Sa agogo. Karanta a lokacin da takarda ta faɗa, yawanci minti 15 zuwa 20, kada ka riga shi, kada ka dawo bayan awa guda ka ga wani layi ya ɓullo ka rubuta. Layin C, mai nuna gwajin ya yi aiki, bai fito ba, gwajin ya lalace ko da layin T, mai nuna cuta, ya fito. Layin T komai dusashewarsa, idan ya fito cikin lokaci, layi ne. Gwajin maleriya mai neman sinadarin HRP2 yana iya ci gaba da nuna cuta makonni bayan an warke, don haka ba a auna nasarar magani da shi. Gwajin HIV ɗaya da ya nuna alama kuma bai isa a sanar da mutum yana da cutar ba, sai an bi jerin gwaje-gwajen tabbatarwa.

Tsakanin ɗiba da ɗakin gwaji

Jini a kwalba yana nan da rai. Ƙwayoyinsa suna ci gaba da cin sukari, wajen kashi 5 zuwa 7 cikin 100 kowace awa, idan ba a kwalbar sukari mai murfi ruwan toka yake ba. Idan kuma ka sa jinin da ba a raba ba a firiji, fotasiyam zai tsiyayo daga ƙwayoyin zuwa ruwan, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Mafita ita ce a raba ruwan jini da ƙwayoyinsa cikin awa 2. Kwalba mai jan murfi a tsayar da ita aƙalla minti 30 jinin ya daskare kafin a sa ta a injin juyawa mai raba ruwan jini da ƙwayoyinsa. A injin, kowace kwalba a sa mata kishiya mai nauyi ɗaya a gabanta, murfi a rufe, ba a tsayar da shi da hannu. Idan ka ji ƙarar fashewa, kashe shi ka bar shi a rufe minti 30, feshin da ya tashi a ciki ya kwanta. Jinin gwajin ciwon shawara a naɗe kwalbarsa, haske yana lalata sinadarin da ake nema.

Firijin samfuri digiri 2 zuwa 8, da ma'aunin zafi a ciki, ana rubuta abin da ya nuna safe da yamma. Abin ci da abin sha ba sa shiga cikinsa, kamar yadda ba a ci ba a sha a ɗakin.

Idan jini zai yi tafiya, rufi uku ake yi masa. Kwalbar kanta a rufe gam. Sai mazubi na biyu da ba ya yoyo, da auduga ko takarda mai tsotsewa da za ta iya shanye jinin duka idan ya zube, kowace kwalba a naɗe don kada su gogi juna. Sai akwati mai ƙarfi a waje. Takardar likita a ledarta daban, ba a naɗe ta a jikin kwalba. Ƙanƙara tana zama tsakanin mazubi na biyu da akwatin waje, da kwali a tsakani. Jinin da ya taɓa ƙanƙara ya daskare, ƙwayoyinsa sun fashe ke nan. Samfurin asibiti da za a aika ta jirgi ko kamfanin jigila yana ɗaukar alamar UN3373. Busasshiyar ƙanƙara, mai sanyin digiri 78 ƙasa da sifili, ba a kulle ta a mazubin da iska ba ta fita, fashewa zai yi, ba a kuma taɓa ta da tsirara hannu. Wanda ake zargin yana da Ebola, Marburg ko zazzaɓin Lassa, nasa tsarin daban ne gaba ɗaya, lambarsa UN2814: kada ka ɗiba kamar yadda ka saba, ka sanar da masu sa ido kan cututtuka tukuna.

Jinin da aka ɗiga a takardar tacewa a shanya shi a kwance, a inuwa, aƙalla awa 3 zuwa 4, kada katuna su taɓa juna, sannan a sa a leda da 'yar jakar tsotse danshi.

Idan jini ya zube

Hana mutane bi ta wurin. Sa safa, da tabarau da takunkumi idan zai iya fantsama. Fasasshen gilashi da hantsaki ko abin kwasar shara ake ɗauka, zuwa akwatin allura. Rufe jinin da takarda mai tsotsewa, zuba ruwan kulorin mai ƙarfin 0.5 cikin 100 daga gefe zuwa tsakiya, ka bar shi aƙalla minti 10, kwashe, wanke wurin da sabulu, ka sake shafa kulorin.

Haɗin ba wuya. Raba ƙarfin bilic ɗinka da 0.5, ka cire 1, abin da ya rage shi ne ma'aunin ruwa. Bilic mai kashi 5: ma'auni 1 da ruwa 9. Mai kashi 3.5: ma'auni 1 da ruwa 6. A haɗa sabo kowace rana, a rufe, a rubuta rana a jiki, kada a gauraya shi da wani maganin wanki domin hayaƙinsa guba ne.

Akwatin allura ana rufe shi idan ya kai kashi uku cikin huɗu. Ba a danna abin ciki, ba a juye shi a sake amfani da shi. Auduga, safa, tsinke da katin gwaji da suka taɓa jini suna shiga ledar shara mai cuta, ba kwandon takardu ba. Mai sharar da zai ɗauki ledar bai ga abin da ka jefa ba, kuma shi ma yana da haƙƙin rigakafin hanta B da safa mai kauri.

Idan allura ta soke ka

Ajiye aiki. Wanke wurin da sabulu ƙarƙashin ruwa mai gudu, ka bar jinin ya fita da kansa. Kada ka matse, kada ka tsotsa, kada ka zuba bilic. Idan a ido ko baki ya fantsama, ɗauraye da ruwa mai yawa ko ruwan gishirin asibiti na mintuna da dama.

Faɗa wa shugaban aikinka a lokacin, ba gobe ba. Masu ɓoyewa don kunya ko tsoron faɗa su ne ke rasa damar magani. A nemi izinin mai jinin a gwada shi HIV da hanta B da C, kai ma a ɗauki naka don a san matsayinka na ranar. Maganin kariya daga HIV ana fara shi cikin awannin farko, kada a wuce awa 72, kuma ba a jiran sakamakon mai jinin idan zai jinkirta. Ana sha kwana 28 ba fashi. Wanda bai yi rigakafin hanta B ba, ko garkuwarsa ba ta kama ba, ana ba shi allurar garkuwa ta HBIG da rigakafin, an fi so cikin awa 24. Hanta C ba ta da maganin kariya bayan suka, sai bibiya da gwaji, amma idan ta bayyana akwai magungunan da ke warkar da ita cikin mako 8 zuwa 12.

Rubuta abin da ya faru a littafin haɗurra: lokaci, irin allurar, zurfin sukar, da abin da kake yi sa'ad da ta same ka. Ka koma gwajin bibiya a ranakun da likita ya sa, har zuwa na ƙarshe. Sannan tun yau, kafin komai ya faru, ka tambaya ka ji a wace durowa ake ajiye maganin kariyar a wurin aikinka, da wanda ke riƙe da makullinta da dare da ranakun hutu.